Yunwar 1914 a Ƙasar Kano: Neman Tarihin Ƙauye a Cikin Tsofaffin Takardu

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata tambaya wadda ɗalibai suka saba kawowa duk sa'ad da aka ba su aikin rubuta tarihin garinsu, watau: ina za a sami labarin ƙauyen da ba shi da sarki mai tambari, bai taɓa zama fagen wani babban yaƙi ba, sunansa kuma bai fito a littattafan makaranta ba? Amsar da aka saba ba su ita ce su je su tambayi tsofaffi. Wannan amsa daidai ce, sai dai rabi ce. Ɗaya rabin yana kwance a laburare da gidajen ajiyar takardu, cikin littattafan da ba safai ake aro ba, da fayilolin da ƙura ta rufe. Domin kada maganar ta tsaya a iska, an zaɓi misali guda ɗaya da za a bi, shi ne yunwar da ta auku a ƙasar Kano cikin 1914, da yadda ɗalibi zai iya gano abin da ta yi wa ƙauyensu.

Abin da aka sani game da wannan yunwa a dunƙule ba shi da wuyar faɗi. Daminar 1913 ta yi gardama a ƙasar Hausa da Barno da ƙasashen arewa da ke hannun Faransa, gero da dawa ba su yi ba. Kafin bazarar 1914 rumbuna sun ƙare, mutane suka riƙa kwararowa kudu daga wajen Damagaram suna neman abinci a wurin waɗanda su ma ba su da shi, aka yi ta mutuwa har zuwa lokacin da sabon gero ya nuna. A wurare da dama ana kiranta Kakalaba, a waɗansu kuma Malali. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Turawa suka ci Kano cikin Fabrairun 1903, Sarki Abbas kuwa yana bisa gado. Amma a wannan shekara ce aka haɗe Arewa da Kudu, ran 1 ga Janairu, a cikinta ne kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, cikin Agusta. Waɗannan abubuwa biyu su suka cinye shafukan littattafan tarihin Nijeriya, aka bar yunwar da 'yan layuka kaɗan.

Abin da ke laburare

Wurin farawa shi ne laburaren jama'a, domin nan ne ba a tambayar mutum takardar gabatarwa daga jami'a. Irin waɗannan wurare a Arewa sun samo asali ne daga ɗakunan karatu da En'e-En'e suka buɗe a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, galibi don mutane su sami labarin yaƙi. A farkon shekarun 1950 aka kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna, bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967 kuma kowace jiha ta kama nata. Abin da ɗalibi zai nema shi ne sashen da ake ajiye littattafan da suka shafi ƙasar nan da tsofaffin jaridu, wanda sau da yawa yakan kasance a kulle, sai an roƙi ma'aikaci ya buɗe.

Akwai littattafan da ya kamata ya tambaya da sunansu. Na farko shi ne taƙaitaccen bayanin Lardin Kano wanda Razdan W. F. Gowers ya tsara aka buga a 1921, aka sake bugawa tare da na sauran larduna a 1972. Akwai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958. Akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga a farkon shekarun 1930. Sa'an nan akwai littafin da wani jami'in mulkin mallaka, A. C. G. Hastings, ya rubuta a 1925 game da zamansa a Nijeriya, inda ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa a Lardin Kano a shekarar yunwar.

Da wuya ɗalibi ya tarar da sunan ƙauyensu a cikin waɗannan, kuma bai kamata wannan ya karya masa gwiwa ba. Amfaninsu shi ne su ba shi jerin sarakuna da razdan-razdan da shekarunsu, su kuma koya masa darasin da zai bukata nan gaba, watau kada ya ɗauki duk abin da aka buga da injin ɗab'i a matsayin yankakkiyar magana. Alal misali, kowane ɗan makaranta ya haddace cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a shekara ta 999. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, bai faɗi wannan shekara ba. Abin da ya kawo shi ne yawan shekarun da kowane sarki ya yi, sai aka yi lissafi da baya-baya daga zamanin jihadi har aka isa 999. Da za a sami kuskuren shekara goma a sarki ɗaya, da duk lissafin ya gusa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, mutane da yawa kuma sun ɗauka rubutu shi ne gani. Alhali rubutu ma ji ne, wani ya ji ya rubuta.

Ita kuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta fara fitowa ba sai Janairun 1939, saboda haka ba ta da abin cewa game da 1914, ko da yake ga mai binciken shekarun da suka biyo bayan haka wasiƙun masu karatu da ke cikinta taska ce babba.

Fayilolin Kaduna

Daga laburare sai Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wanda shi ma ƙofarsa a buɗe take ga mai bincike. Wannan hukuma ta samu ne ta ƙoƙarin Kenneth Dike, wanda ya sa aka buɗe ofishin tattara takardun gwamnati a 1954, aka yi masa doka a 1957, aka kuma kafa manyan rassa uku a Ibadan da Inugu da Kaduna. Takardun mulkin mallaka da ke Kaduna manyan kashi biyu ne ga mai wannan bincike: na Sakatariyar Lardunan Arewa, da waɗanda aka kwaso daga ofisoshin larduna ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne ɗalibi zai fara cin karo da wahala, domin ba a jera fayil da sunan ƙauye. Dole ya san gundumar da ƙauyensu yake ciki a shekarar da yake nema, da lardin da gundumar take ciki. Ita kanta gunduma, da hakimi zaune a cikinta, aikin Turawa ce. Kafin zuwansu hakiman Kano a birni suke zaune, garuruwan da kowannensu yake riƙe da su a warwatse suke, jakadu ne ke kai da kawowa tsakani. A 'yan shekarun farko na mulkinsu ne Turawa suka harhaɗa garuruwa suka yi gundumomi, suka fitar da hakimai waje, bayan haka kuma suka yi ta yanka da ɗinki, a haɗe biyu yau, a raba ɗaya gobe. Lardunan ma haka. Mutumin ƙasar Katsina da ke neman labarin 1914 a cikin takardun Lardin Kano zai same shi, domin Katsina tana cikin wannan lardi har 1926, sa'ad da aka mai da ita Lardin Zariya, ba ta zama lardi mai zaman kansa ba sai 1934. Mutumin Ringim ko Birnin Kudu, wanda tun 1991 yake Jihar Jigawa, shi ma takardun Kano zai nema. Daɗin daɗawa ga matsalar rubutun suna. Turawan farko sun rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya jiye musu, haruffa masu lanƙwasa kuwa ba su shigo boko ba sai a shekarun 1930, saboda haka ƙauye ɗaya yana iya fitowa da siffa uku a fayil uku.

Takardar da ta fi kowace amfani ga tarihin ƙauye ita ce rahoton kimanta haraji, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Yadda ake yin ta shi ne, a tura ƙaramin jami'in Bature zuwa gunduma, tare da tafinta da malamai da wakilin hakimi, ya yi makonni yana rangadi gari-gari. Zai rubuta iyakokin gundumar, da irin ƙasarta, jigawa ce ko fadama, da rijiyoyi, da kasuwanni da ranakun cinsu, da sana'o'i irin su rini da saƙa da ƙira da jima. Zai ƙidaya maza da mata da yara da dabbobi, ya auna waɗansu gonaki ya kintaci dammunan da suke bayarwa, ya rubuta farashin hatsi, ya kawo ɗan tarihin kowane babban gari, daga ƙarshe ya faɗi abin da yake ganin ya kamata kowane baligi ya biya. A gundumomin da ke kewaye da birnin Kano an ƙara da wani tsari tun wajen 1909, wanda ake kira taki, inda malamai ke auna gona da ƙafa, a aza haraji bisa girmanta, a rubuta sunan mai ita.

Wanda ya fara buɗe irin wannan rahoto yakan ji kamar ya tsinci dami a kala. Amma ya kamata ya tuna abin da ya kai Baturen ƙauyen. Haraji ya kai shi, kowa kuma a garin ya san haka. Magidancin da ya ga ana ƙidayar kawuna yana da dalilin tura samarin gidansa daji har baƙi su wuce, Bafulatanin da ya ji labarin masu jangali yana da dalilin kora rabin garkensa zuwa wata gunduma, dagaci kuma yana da nasa dalilin na rage lissafi ko ƙara shi. Shi kuwa ɗan tarihin da ke cikin rahoton, daga bakin dagaci aka ɗauko shi, a gaban wakilin hakimi, ta bakin tafinta. Ba abin mamaki ba ne idan ya fara daga kakan dagacin ya ƙare a kan dagacin, ba a ji ɗuriyar Maguzawan da aka tarar a wurin ba, ko bayin da suka nome gandun sarauta. Abin takaici shi ne, wannan sashe mafi rauni shi ne wanda aka fi kwafa. Sau da yawa idan rigimar sarauta ko ta iyaka ta taso, sai a ga an zaro shafi ɗaya daga rahoton wani saurayin Bature wanda bai fi kwana biyu a garin ba, a ɗaga shi kamar hujjar da ba ta da ɗaukaka ƙara. Abin da ya fi cancanta a amince da shi a rahoton shi ne abin da babu mai riba a ɓoye shi: zurfin rijiya, yawan karofi, ranar kasuwa, hanyar da fatake ke bi.

To, yaya za a yi a ga yunwar a cikin waɗannan takardu? Hanyar ita ce a sami lissafin gundumar na kafin 1914 da na bayanta a gwama. A ce an tarar masu biyan haraji sun ragu ƙwarai. Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta cewa duk mutuwa suka yi. Amma raguwar tana iya zama mutuwa, tana iya zama ƙaura zuwa kudu wadda waɗansu suka komo daga gare ta bayan shekara biyu, tana iya zama dagaci ne ya sami dalilin rage abin da ake binsa, tana kuma iya zama an yanke ƙauyuka uku an kai wata gunduma. Ba za a rarrabe waɗannan ba sai an bi lissafin shekaru da yawa a jere, an kuma karanta wasiƙun da ke tsakanin Di'o da Razdan game da haraji da ya ƙi taruwa. Rahoton shekara da ake aikawa sama shi ne wurin da ya fi ƙarancin amfani, domin jami'in da ke son ƙarin girma ba ya son ya cika takardarsa da labarin gawawwaki.

Akwai wata muhawara tsakanin masana wadda binciken ƙauye zai iya taimakawa a kanta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa rai auduga za ta cika shi, sai manoma suka zaɓi gyaɗa, fataken da suka ƙware a cinikin goro kuma suka shiga tsakani suna saye. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. J. S. Hogendorn, a littafinsa na 1978, ya nuna wannan a matsayin basirar manomi da ɗan kasuwar Kano. Michael Watts kuma, a nasa na 1983, ya nuna cewa harajin da aka tilasta biya da kuɗin Turawa maimakon wuri ko hatsi, ana kuma karɓarsa da kaka, ya sa talaka sayar da abincinsa lokacin da ya fi araha, har fari ya same shi ba shi da ajiya. Kowace magana da ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ba lalle ba ne abin da ya faru a ƙauyen da ke tafiyar yini ɗaya daga tashar jirgi ya zama shi ne ya faru a wanda ke tafiyar kwana biyar. Ɗalibin da ya kwafo hukuncin babban littafi ya ɗora wa ƙauyensu bai yi bincike ba tukuna.

Takardun alƙalai da bakin mutane

Duk abin da aka ambata zuwa yanzu muryar mai mulki ce. Inda ake jin muryar talaka da sunansa shi ne littafin shari'a. An yi sa'a littattafan majalisar shari'a ta Sarki Abbas na 1913 da 1914 sun tsira, Allan Christelow kuma ya fassara zaɓaɓɓun ƙararraki daga cikinsu ya buga a 1994. A ciki akwai rigingimun gona, da sata, da kisan kai, da maganar bayi, domin a lokacin bauta ba ta ƙare ba: dokar Gwamna Lugga ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne, ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Mai karatu da natsuwa zai lura da abin da ake sata, da abin da ake jayayya a kansa, da garuruwan da masu ƙara suka fito, ya kuma tambayi kansa ko yunwa tana da hannu. Sai dai su ma waɗannan da iyakarsu. Wanda ya iya kai ƙara gaban Sarki ne kaɗai ya shiga littafin, maganar da ya yi da Hausa kuma magatakarda ne ya taƙaita ta cikin 'yan layuka na Larabci.

Wannan ya kawo wata matsala wadda ta daɗe tana damun nazarin tarihi a ƙasar nan. Wanda ya iya karanta fayil ɗin Razdan sau da yawa ba ya iya karanta littafin alƙali, wanda ya iya karanta littafin alƙali kuma ba a cika gayyatarsa jami'a ba. Abdullahi Smith ya yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970. Littafin Murray Last na 1967 a kan Daular Usmaniyya ma bai samu ba sai da taimakon takardun gidan Waziri Junaidu. Ɗalibin da ba shi da Larabci, mafi sauƙi gare shi shi ne ya nemi malamin zaure su zauna tare. Zai kuma bukace shi wajen kwanan wata, domin alƙali da Hijira yake lissafi, shekara ta 1332 kuwa ta kama ne a ƙarshen Nuwamban 1913, Bature yana lissafi da tasa shekarar, manomi kuma daga damina zuwa damina. Shekarar yunwa guda ɗaya tana iya ɗaukar lamba uku.

Game da tsofaffi, lokacin da za a sami wanda ya ga Kakalaba da idonsa ya wuce. Waɗanda suka yi bincike a shekarun 1970, kamar Polly Hill wadda ta yi aiki a Ɗorayi ta buga littafinta a 1977, su ne na ƙarshe da suka tarar da irin waɗannan mutane da yawa, kaset-kaset ɗin hirarrakin da aka ɗauka a wancan zamani kuwa yanzu su ma sun zama kayan ajiya da sai an nema. Duk da haka bakin mutane bai bushe ba, in an san abin tambaya. Wanda aka ce masa ya faɗi abin da ya faru a 1914 zai yi shiru. Amma idan aka tambaye shi wane ne ya zauna a wancan kufai, ina zuriyarsa suka koma, me ya sa ake kiran waccan gona da sunan mutumin da ba shi da dangi a garin, me kakarsa ta ce an ci a babbar yunwa, sai a ji maganar anza da ƙwayar ƙarangiya da tonon gidan tururuwa. Idan sunan da ya fito daga bakinsa ya dace da sunan da ke takardar taki, ko garin da ya ce an koma ya dace da gundumar da lissafinta ya ƙaru a shekarar, to, an sami shaidu biyu waɗanda ba su haɗa baki ba.

Sauran magana ta ma'aikatan gwamnati ce, domin takardun da mai binciken gobe zai nema a hannunsu suke yau. Abin da ya isa Kaduna galibi na ofishin Bature ne. Takardun En'e, watau na Baitulmali da na ofishin hakimi da na kotunan gunduma, da yawansu sun zauna inda aka rubuta su, kuma duk wani sauyin mulki, ko na jihohi a 1967, ko na ƙananan hukumomi a 1976, yakan jawo kwashe kaya daga wannan ɗaki zuwa wancan, inda gara da yoyon rufi ke jira. Da gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, littattafan haraji sun daina aiki a ofis, takardar da ta daina aiki kuwa ita ce ta fi saurin zama abin ƙunshe ƙosai. Alhali a cikinsu ne kaɗai aka rubuta sunayen magidantan ƙauye gida-gida, shekara bayan shekara.

Laburaren jama'a da ke hedkwatar ƙaramar hukuma yana iya karɓar irin waɗannan littattafai, ya yi musu jerin sunaye, ya ajiye su bisa kanta nesa da ƙasa. Ɗaukar hotonsu ma ya yi sauƙi, shirin ceton takardu da Laburaren Birtaniya ya fara a 2004 ya riga ya ɗauki hotunan waɗansu takardu na Kano da Kaduna, wayar hannu kuma tana iya yin aikin a ƙaramin mataki. Sai dai mai ɗaukar hoto ya fara da bangon fayil, inda lambarsa da shekararsa da sunan ofishin da ya fito suke, kada kuma ya yanke gefen shafi, domin a nan ne Razdan yakan rubuta da hannunsa ko ya yarda da lissafin da ƙaramin jami'insa ya kawo masa ko bai yarda ba.